Nazarin Lamari: Jirgin Wasan da Ya Fi Ƙarfin Katakonsa, 1991 zuwa 2021

Asalin lamarin

A arewacin jihar Ohio ta Amurka, a kan wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin Tafkin Erie, akwai wani wurin wasanni mai suna Cedar Point da ke karɓar baƙi tun 1870. An fi saninsa da jiragen hawa-da-gangara, wato jiragen nan da ba su da inji a jikinsu. Galibi sarƙa ce ke jan su zuwa ƙololuwar wani dogon tudu, daga nan a sake su, nauyinsu da gangara su kai su har ƙarshen layi. Wurin ba ya aiki duk shekara. Ana buɗewa a watan Mayu, a rufe wajen ƙarshen Oktoba. Sauran watannin na iska ne da dusar ƙanƙara daga tafkin, kuma a cikinsu ake yin duk wani babban gini ko gyara.

A 1989 wurin ya buɗe wani jirgi mai layin ƙarfe da tsayinsa ya kai mita 62, na farko a duniya da ya haura ƙafa 200. Lokacin gasar tsayi ce tsakanin wuraren wasannin Amurka, kowa na son a ce nasa ya fi na kowa. Da wurin ya samu kambun a ɓangaren ƙarfe, sai ya nemi na katako.

1991: buɗewa

An ba kamfanin Dinn Corporation kwangilar ginin, injiniya Curtis D. Summers ya zana shi. An yi aikin cikin sanyin ƙarshen 1990 da farkon 1991, aka buɗe ranar 11 ga Mayu, 1991, da sunan Mean Streak. Ya ci dala miliyan 7.5 da kimanin kubik mita 4,000 na katakon da aka jiƙa da maganin ruɓewa. Tsayinsa mita 49, gangarar farko mita 47, gudunsa kilomita 105 a sa'a, tsawon layinsa mita 1,654. A ranar da aka buɗe shi babu jirgin katakon da ya kai shi tsayi.

Jiragen da ke bin layin guda uku ne, na kamfanin Philadelphia Toboggan Coasters. Kowanne yana da tarago bakwai, kowane tarago mutum huɗu, jimla 28. A lissafin takarda, mutum 1,600 za su iya hawa a sa'a.

1991 zuwa 1993: yadda matsalar ta bayyana

Sai an san yadda ake yin layin katako kafin a gane abin da ya biyo baya. Ba a masana'anta ake ƙera shi ba. Kafintoci ne ke shirya shi a wurin ginin, suna jera falankai ɗaya bisa ɗaya, galibi hawa takwas, suna lanƙwasa su suna bugawa da ƙusa da noti. Hawa biyun sama sun fi sauran faɗi, kuma a kansu ake shimfiɗa siririn ƙarfen da taya ke bi. Kowane tarago yana riƙe da layin ta hanya uku: taya a sama mai ɗaukar nauyi, taya a gefe mai hana shi kaucewa, da taya a ƙarƙashin leɓen falankin mai hana shi tashi. Wannan ta ƙarƙashin, wani injiniya mai suna John Miller ne ya yi mata rajista tun 1919, kuma har yau da ita ake aiki.

Katako kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Yana kumbura idan ya sha danshi, ya tsuke idan ya bushe, ya ɗan lotsa duk lokacin da jirgi ya wuce. Wannan lotsawar alheri ce a ƙaramin jirgi, domin ita ke shanye girgiza. Amma ƙarfin da jirgi ke dannawa a kwana yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: idan gudu ya ninka biyu, dannawar tana ninka huɗu. A gindin gangarar mita 47, da cikin manyan kwanonin da ke biye da ita, falankan suna shan nauyin da ba a saba ɗora wa katako ba.

Su ma taragun suna da nasu laifin. Tayoyinsu na ƙarfe ne, kuma ba sa juyawa su bi kwana. Tsari ne da aka gada daga zamanin da jiragen katako ke tafiya kusan miƙe, su je su dawo. Shi kuwa wannan layin kusan dukkansa kwana ne, yana zagaye kansa sau uku. Tarago yana shiga kwana sai ya bugi gefen nan, ya koma ya bugi wancan, har ya fita. Kowane bugu yana barin ɗan lotso, jirgi na gaba ya faɗa lotson ya zurfafa shi. Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ba kwalta bayan damina, inda gargada ke jere kamar an auna, ya san yadda abin yake: mota ce ke haifar da gargadar, gargadar kuma ita ke karya motar.

Cikin 'yan shekarun farko masu hawa sun fara kokawa da jijjiga da bugun gefe, masu gyara kuma suna ganin layin yana cinyewa da wuri a wuraren da gudu ya fi yawa.

1994: birki a kan gangarar farko

Matakin farko shi ne rage gudun. A 1994 an dasa birki a kan gangarar farko, yana kama jirgin daidai lokacin da ya fara zubowa. An yi haka ne don a rage cinyewar layin, a kuma sassauta wa masu hawa.

Cinyewar ta ragu a gindin gangarar. Sai dai jirgi irin wannan ba shi da wani ƙarfi bayan wanda ya samo daga tudun farko, kuma an zana kowane tudu da kowace kwana ne bisa wani gudu da aka lissafa. Da aka tsakure gudun tun daga farko, rabin layin na biyu ya zama tafiyar hawainiya a cikin dajin katako, ana ta zagaye ba tare da wani tashin zuciya ba. Jijjigar kuma ba ta tafi ba, domin taragun su ne dai na da. Ƙorafi ya zama biyu: ga wahala, ga rashin armashi.

1995 zuwa 2012: sauya katako

Daga nan aka shiga shekarun faci. Kullum da sassafe, kafin a buɗe ƙofa, ma'aikata suna taka layin da ƙafa suna duba ƙusoshi da notuna da falankai, kamar yadda ake yi wa kowane jirgin katako. Da sanyi ya shigo kuma a ɓamɓare sassan da suka lalace a shimfiɗa sababbi. An yi haka sau da dama, wani lokaci da kafintocin wurin, wani lokaci da kamfanin Martin & Vleminckx. A watan Satumban 2010 wuta ta kama wani ɗan yanki da bai kai mita biyu ba, aka kashe ta nan take. Kafin kakar 2012 an sauya sassa masu yawa na layin da ke bayan gangarar farko, aiki mafi girma da aka yi masa tun buɗewa.

Kowane sabon katako yakan kawo sauƙi na ɗan lokaci, sannan lotso ya dawo inda yake. A daidai waɗannan shekarun wurin yana ta buɗe jiragen ƙarfe masu santsi: na mita 94 a 2000, na mita 128 a 2003, da wani a 2007 da aka gina kusa da Mean Streak, a can ƙarshen filin. Baƙo ya sauko daga wannan, ya taka 'yan matakai ya hau wancan, bambancin a jikinsa yake ji. Katafaren ginin da ya mamaye fili mai tsada ya zama inda ake zuwa idan ana gudun dogon layi.

2003 zuwa 2013: abin da ya sami takwarorinsa

Ba shi kaɗai ke wannan hali ba, kuma masu wurin suna ganin yadda wasu suka ƙare.

Hercules, wanda Dinn ɗin ya gina a jihar Pennsylvania a 1989, an rufe shi a 2003 aka rushe.

A kudancin Ohio akwai Son of Beast, na shekarar 2000, mai tsayin mita 66 da gudun kilomita 126 a sa'a, har da zoben da jirgi ke kifewa a cikinsa. A watan Yulin 2006 wani katako ya tsage, layin ya lotsa, mutum 27 suka ji rauni. Maganin da aka gwada shi ne sauya jiragen: aka cire zoben, aka kawo taragu marasa nauyi na kamfanin Gerstlauer na Jamus, aka sake buɗewa a 2007. A 2009 aka rufe shi, a 2012 aka rushe. Kamfani ɗaya ne ke da wurin da aka gina Son of Beast da wanda muke nazari tun daga 2006.

Na uku shi ne Texas Giant, na Dinn da Summers shi ma, wanda aka buɗe a 1990 a garin Arlington na jihar Texas. Nan aka bi wata hanya dabam. Wani ƙaramin kamfani na jihar Idaho, Rocky Mountain Construction, wanda Fred Grubb ya kafa a 2001, ya daɗe yana gyaran layukan katako har ya gaji da ganin gyaran yana lalacewa. Shi da injiniya Alan Schilke suka fito da layin ƙarfe zalla da suka kira I-Box, wanda ake ɗorawa a kan tsohon ginin katako. An rufe Texas Giant a ƙarshen 2009, aka kashe kimanin dala miliyan 10, aka buɗe a Afrilun 2011, ya samu karɓuwa sosai. A watan Yulin 2013 wata mata ta faɗo daga jirgin ta rasu. Bayan haka aka ƙara bel a kujerun, aka gyara sandar da ke danne cinya, aka ajiye kujerar gwaji a bakin shiga. Taragun wannan jirgin ba na Rocky Mountain ba ne. A shekarar ne ma kamfanin ya fara fitar da nasa.

2016 zuwa 2018: rufewa da sabon gini

Ranar 1 ga Agusta, 2016, wurin ya sanar cewa Mean Streak zai yi tafiyarsa ta ƙarshe ranar 16 ga Satumba. Ya ɗauki mutum sama da miliyan 26 cikin shekara 25. An yi masa jana'izar wasa, aka kai allon sunansa wata maƙabartar wasa da wurin ke ajiye tarkacen jiragen da suka yi ritaya. Ba a faɗi abin da za a yi da ginin ba.

Bayan rufewa aka fara ɓamɓare layin, aka bar ginshiƙan. Duk kakar 2017 baƙi suna hango sabon layin ƙarfe yana hawa bisa tsohon katako, mahukunta kuma sun yi gum har sai 16 ga Agusta, 2017, lokacin da aka bayyana sunan Steel Vengeance.

Yadda ake yin I-Box ya bambanta da na katako tun daga tushe. Kwamfuta ce ke lissafa siffar kowane yanki, inji ya yanka fallayen ƙarfe daidai da lissafin, a haɗa su da walda su zama dogon akwati mai leɓe sama da ƙasa. A masana'anta ake gamawa, a ɗauko a tirela daga Idaho, injin ɗaga kaya ya ɗora, a ɗaure da noti a kan gammunan ƙarfe da aka kafa tsakanin ginshiƙan katakon. Siffar da injiniya ya zana ita ake samu a fili, kuma ruwa ko rana ba sa canza ta.

Tunda layin zai iya ɗaukar abin da katako ba zai iya ba, sai aka sake zanen gaba ɗaya. An ɗaga tudun farko daga mita 49 zuwa 62, gangarar ta zama mita 61 a miƙe tsaye, digiri 90. Gudu ya koma kilomita 119 a sa'a, tsawon layi mita 1,750, da wurare huɗu inda jirgin ke kifewa. An ƙara sababbin ginshiƙai inda ake buƙata, aka kuma sa rabin layin na biyu ya kutsa ta cikin tsohon ginin, yana wucewa tsakanin katakai da gudu. Wurin da a da ya fi gundurar mutane shi ya koma wurin da ake ihu. Lissafin masu ginin ya nuna daƙiƙa 27.2 da mai hawa ke ji kamar ya rabu da kujera, a tafiyar kusan minti biyu da rabi.

Ɗora layin ƙarfe bisa ginin katako ba sabon abu ba ne a wannan wuri. Suna da wani jirgi mai irin wannan haɗi tun 1978. Sabon abu shi ne a yi wa tsohon gini haka, a kuma kai shi wannan tsayi da wannan karkata.

Sababbin taragun

Rocky Mountain ne ya ƙera jiragen uku. Kowanne tarago shida, mutum 24. Tayoyin suna da rufin roba mai tauri maimakon ƙarfe tsirara, kuma suna manne da layin sama da gefe da ƙasa, babu ratar da tarago zai yi ta kai-komo a ciki. Suna kuma juyawa su bi kwana. Maimakon abin da ke sauka bisa kafaɗa, sandar cinya ce mai kauri da matokarar ƙwauri da bel ke riƙe mutum, ko da jirgin ya kife.

Akwai abin da aka rasa. Mutum huɗu sun ragu a kowane jirgi, lissafin takarda ya sauko daga 1,600 zuwa 1,200 a sa'a. Tsayin da ake buƙata kafin yaro ya hau ya tashi daga santimita 122 zuwa 132. Masu manyan cinyoyi kuma wasunsu sandar ba ta rufuwa a kansu, dole su haƙura.

5 ga Mayu, 2018: ranar buɗewa

A ranar farko aka samu tangarɗa. Jirgi da yake dawowa tasha ya ɗan bugi wanda ke tsaye yana ɗaukar mutane. Gudun kaɗan ne. An duba mutum huɗu a ɗakin shan magani na wurin, suka koma wasanninsu. Amma a wannan sana'a ba a ɗaukar irin wannan da wasa. Ana raba kowane layi gida-gida, na'urori suna lura da inda kowane jirgi yake, kuma doka ita ce jirgi biyu ba sa haɗuwa a gida ɗaya. Wanda ke baya birki ke riƙe shi sai na gaba ya fice. Taɓa juna, komai ƙanƙantarsa, yana nufin wani abu a wannan tsari bai yi daidai ba.

An rufe jirgin na sa'o'i, aka dawo da shi da jirgi ɗaya tak yayin da wurin da masu ƙirar suke bincike da gyara. Mutum 24 a kowace tafiya, ga dubban da suka zo saboda shi, layi ya zama na sa'o'i. An cire shi na ɗan lokaci daga tikitin masu biyan ƙari don tsallake layi. Sai 1 ga Yuni aka dawo da jirgi na biyu. Duk da haka, mujallar Amusement Today ta ba shi kyautar sabon abin hawa mafi kyau na 2018.

2018 zuwa 2021: rigimar wayoyi

Matsala ta gaba daga aljihun masu hawa ta fito. Jirgin da ke ɗaga mutum daga kujera sau da yawa haka yana ɗaga abin da ke aljihunsa ma, wayar da ta kuɓuce a gudun kilomita 119 kuwa makami ce ga na kujerar baya. Bayan waya ta bugi fuskar wani a irin wannan jirgi a wani wurin kamfanin da ke jihar Virginia, sai a watan Agustan 2018 aka hana shiga layi da waya. Mutane suka ji haushi: a tsaya sa'o'i ba waya, sannan a biya kuɗin akwatin ajiya.

A 2019 aka ɗinka aljihu mai zif a jikin kujerun, aka kafa na'urar gano ƙarfe a hanyar shiga don a tabbatar kowa ya fito da abin da ke jikinsa. Wannan ya kashe ƙorafin, amma ya ƙara aiki a tasha, domin sai kowa ya zura kayansa ya zuge kafin a duba sanda da bel. A 2020, lokacin annobar korona, aka cire aljihunan aka koma haramci. A 2021 aka kafa ƙananan akwatunan ajiya kyauta a cikin layin, dab da tasha, masu ƙofa biyu: ka saka ta wannan gefe lokacin shiga, ka ɗauka ta wancan lokacin fita. Mutum yana tare da wayarsa kusan duk tsawon jira, ba ya hawa da ita, tasha kuma ba ta tsaya jiran kowa. A kan wannan aka tsaya.

Hukunci

Birkin 1994 ya kasa ne domin ya taɓa gudu, alhali gudun ne abin da aka sayar wa mutane. Sauya katako kuma ya kasa domin sabon falanki yana komawa ƙarƙashin tarago ɗaya, a kwana ɗaya, da nauyi ɗaya. Ba a yi wa kafintocin adalci ba idan aka ce aikinsu ne bai yi kyau ba. Son of Beast ya nuna cewa sauya jirgi kaɗai ma ba ya isa idan layi da gini sun gaza. Abin da ya yi aiki shi ne an sauya layi da taragu da zane a lokaci guda, kowanne an yi shi don ɗan'uwansa, aka bar abin da bai taɓa zama matsala ba, wato ginshiƙai da filin da suke kai.

Akwai wuraren da za a iya cewa an yi sake. Shekara 22 tsakanin birkin farko da rufewa lokaci ne mai tsawo, ko da yake fasahar da ta warware lamarin ba ta bayyana ba sai 2011, kuma jira har a ga yadda ta yi a wasu wurare ba wauta ba ce. Rigimar wayoyi kuwa ta fi wuyar karewa. Tun a takarda an san daƙiƙa nawa mutum zai yi yana shawagi, har da su aka yi talla, don haka akwatunan da aka kafa a 2021 abu ne da ya kamata ya kasance cikin zanen hanyar shiga tun 2018.

Sannan a faɗi gaskiya, ba a gyara jirgin katako ba, an daina yin jirgin katako ne a wannan fili. Masu ƙidayar irin waɗannan jirage a sahun na ƙarfe suke saka Steel Vengeance, kuma masu son rugugin katako da karkarwarsa suna da hujja idan suka ce sun yi rashi. Kambun tsayin da Steel Vengeance ya samu a sahun masu layin ƙarfe bisa ginin katako ma bai daɗe ba: Zadra na ƙasar Foland ya ɗara shi da ƙafa ɗaya a 2019, shi ma aikin Rocky Mountain ne. Laifin kuma ba na katako ba ne a karan kansa. A gaban wannan wurin, kusa da ƙofar shiga, akwai wani jirgin katako na 1964 mai tsayin mita 24 da gudun kilomita 64 a sa'a, layinsa kusan miƙe yake, taragunsa na kamfanin Philadelphia ɗin nan ne, kuma ya haura shekara 60 yana ɗaukar mutane.